Ba da yawan ƙwallaye ake auna ɗan baya ba: a tuna da Carles Puyol

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan muhawarar da shafinku na wasanni ya buɗe game da ɗan bayan da ya fi kowa a tarihin ƙwallon ƙafar Sifaniya. Na lura yawancin masu tofa albarkacin bakinsu sun karkata ga Sergio Ramos, kuma hujjarsu ba ta wuce ƙwallayen da ya ci ba, musamman wadda ya farke wa Real Madrid a minti na 93 a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2014 a Lisbon. Ba na musun bajintar Ramos, domin wanda ya buga wa ƙasarsa wasa 180 ba abin rainawa ba ne. Abin da ya dame ni shi ne ma'aunin da ake amfani da shi, wato a auna mai tsaron baya da aikin ɗan gaba, kuma da wannan ma'aunin ne aka tura Carles Puyol, tsohon ɗan bayan Barcelona, gefe kamar wanda ya zo rakiya.

An haifi Puyol a 1978 a La Pobla de Segur, wani ƙaramin gari a yankin Kataloniya, kuma a raga ya fara tsayawa kafin ciwon kafaɗa ya fitar da shi ya koma ɗan gaba. Sai da ya kai shekara 17, a 1995, ya shiga makarantar horar da matasa ta Barcelona, wato La Masia, inda yawancin abokan karatunsa suka riga shi samun gogewa. A can aka mayar da shi ɗan tsakiya, daga baya aka kai shi gefen dama na baya. Ƙungiyar ma ta amince ta sallame shi ga Malaga a 1998, shi ne ya ƙi tafiya, ya zauna har mai horarwa Louis van Gaal ya saka shi a babbar ƙungiya ranar 2 ga Oktoban 1999 a wasa da Valladolid.

Shekarun da suka biyo baya su ne nake son masu muhawara su duba, domin su ne matasanmu na gidajen kallo ba su gani ba. Daga 1999 zuwa 2005 Barcelona ba ta ɗaga wani babban kofi ba, tana ta sauya masu horarwa, har ta taɓa ƙarewa a mataki na shida a La Liga. A wannan zamanin na rashin kofi ne Puyol ya yi suna. Lokacin da Luis Figo, tsohon ɗan wasan Barcelona, ya dawo filinta na Camp Nou a rigar Real Madrid a Oktoban 2000, wannan matashin aka ba aikin tsare shi, ya manne masa kamar kaska har aka tashi Barcelona na da ci 2 da nema. Bayan shekara biyu kuma, a wasan Zakarun Turai da Lokomotiv Moscow, ɗan Najeriya James Obiorah ya yanke mai tsaron gida Roberto Bonano, bai rage tsakaninsa da raga ba sai Puyol, wanda ya tsaya ya tare ƙwallon da ƙirjinsa. Wannan tarewar daidai take da cin ƙwallo, amma babu teburin da ake rubuta ta, shi ya sa mai lissafi da alƙaluma kaɗai ba zai taɓa ganin ta ba.

An ba shi kambun kyaftin a 2004 bayan Luis Enrique ya rataye takalmansa, ya riƙe shi shekara goma. A ƙarƙashin jagorancinsa ƙungiyar ta ci La Liga sau shida da Kofin Zakarun Turai sau uku, a 2006 da 2009 da 2011. Mutane sukan ce ai duk wanda ya samu Xavi da Iniesta da Messi a gabansa zai tara kofuna, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sai dai salon mai horarwa Pep Guardiola na tura 'yan baya har kusan tsakiyar fili yana barin wawakeken fili a bayansu, don haka duk lokacin da ƙwallo ta ƙwace, dole a samu wanda zai karanta haɗarin tun kafin ya auku, ya kuma tsawata wa abokansa su koma wurarensu. Gerard Piqué, abokin aikinsa a tsakiyar baya, wanda ya fi shi tsawo da iya rarraba ƙwallo, ya fi kowa cin moriyar wannan tsawar.

Idan kuma aka zo ga tawagar ƙasa, hujjata ta fi ƙarfi. Sifaniya ta ci Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu da ƙwallo takwas kacal a wasa bakwai, kuma sau biyu kawai aka zura mata. Ta doke Portugal da Paraguay da Jamus da Holan kowacce da ci ɗaya mai ban haushi, wato baya ce ta ɗauko kofin, ko da yake labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na gajerun bugu a tsakiya. A wannan gasar Puyol da Piqué ne a tsakiyar baya, Ramos yana gefen dama, kamar yadda ya buga a Kofin Turai na 2008 lokacin da Puyol ke tare da Carlos Marchena. Masu neman ƙwallo kuwa ga tasu: ranar 7 ga Yulin 2010 a Durban, a wasan kusa da na ƙarshe da Jamus, a minti na 73, Xavi ya bugo kwana, Puyol ya taso daga baya ya sa kai ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe na Kofin Duniya karo na farko a tarihinta. Ƙwallo uku kaɗai ya ci a wasa 100 da ya buga wa Sifaniya, ɗaya daga ciki ita ce wannan.

Ba zan ɓoye rauninsa ba, don kada a ce son rai ne ya sa ni rubutu. A wasan ƙarshen da Holan, Arjen Robben ya tsere masa da gudu, Puyol ya riƙo shi alhali yana da katin gargaɗi, kuma da Robben ya faɗi, mai yiwuwa da jan kati ya biyo baya. Mai tsaron gida Iker Casillas ne ya rufa masa asiri a ranar. Haka kuma irin wasansa na jefa jiki a ko'ina ya ci shi: ciwon gwiwa ya hana shi zuwa Kofin Turai na 2012, gwiwar hannunsa ta goce a wasa da Benfica a Oktoban wannan shekarar, har dai a 2014 ya haƙura yana da shekara 36, bayan wasa 593 a ƙungiya ɗaya tilo.

Akwai kuma batun hali, wanda a ganina ba a raba shi da aikin kyaftin. A Afrilun 2012, lokacin da Barcelona ke lallasa Rayo Vallecano, Dani Alves da Thiago Alcantara suka tsaya rawar murnar ƙwallo, Puyol ya rugo ya raba su, domin a wurinsa cin fuska ne a yi wa wanda aka riga aka kayar rawa a gidansa. Kafin wannan, a Wembley ranar 28 ga Mayun 2011, bayan an doke Manchester United da ci 3 da 1, shi ne ya kamata ya ɗaga kofi, amma ya cire kambun ya ɗaura wa abokin wasansa Eric Abidal, wanda aka yi wa tiyatar cire ƙari a hanta wata biyu da 'yan kwanaki kafin wasan. Ramos kuwa ya bar Real Madrid da jan kati 26, kuma kowane jan kati yana nufin an bar abokan wasa su goma suna fama.

Saboda haka, Malam Edita, ina ba da shawarar cewa idan shafin wasanni zai ci gaba da wannan muhawarar, a nemo tsofaffin 'yan baya da masu horarwa na ƙungiyoyinmu na gida su yi mana bayanin abin da suke dubawa a wurin ɗan baya, kamar tsayuwa a wurin da ya dace da iya tare hanya ba tare da ƙeta ba, sannan a sake jera sunayen a kan wannan ma'aunin. Zan so in ga inda Puyol, mai lamba 5 na Barcelona, zai faɗo.

Na gode da ba ni fili.

Naka mai karatu,
daga Zariya