Rizal Bai Ɗauki Bindiga Ba, A Gyara

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in yi gyara. A makon jiya shafinku na tarihi ya sa José Rizal na ƙasar Filifin cikin waɗanda suka ɗauki makami suka yaƙi 'yan mulkin mallaka. Ranka ya daɗe, ba haka aka yi ba. Wanda ya tayar da yaƙi da Sifaniyawa a watan Agusta na 1896 shi ne Andres Bonifacio da ƙungiyarsa ta Katipunan. Rizal ma yana tsare ya rubuta takarda yana nesanta kansa da tawayen. Duk da haka suka harbe shi a Manila ranar 30 ga Disamba, 1896, yana da shekara 35.

Abin ya tsaya mini a rai ne don ni tsohon ma'aikacin jinya ne a sashen ido. A farkon shekarun 1980 na yi aiki da wata likita 'yar Filifin, lokacin suna da yawa a asibitoci da makarantunmu. Wata rana ta ciro sulen peso ɗaya ta nuna mini kan mutumin da ke jiki, ta ce, "Wannan abokin aikinmu ne." Na zaci wasa take. Ashe Rizal ne, kuma likitan ido ne. Ganin mahaifiyarsa Teodora na neman makancewa ya sa ya kama hanyar likitanci, ya yi karatu a Madrid, ya ƙware a aikin ido a Faris da Heidelberg ta Jamus, ya dawo ya yi mata aikin yanar ido da hannunsa. Duk wanda ya taɓa kwance wa tsohuwa bandeji ya ji ta ce "na gani" ya san abin da nake nufi.

Laifinsa littafi biyu ne. Noli Me Tangere, wato Kada Ka Taɓa Ni, ya fito a Balin a 1887, sai El Filibusterismo a Beljiyam a 1891. A ciki ya tona yadda limaman coci Sifaniyawa suka mallake gonaki suna tatsar talakawa. Ba labari ya ji ba: iyayensa na cikin waɗanda aka kora daga gonakin Calamba.

Abin da ya fi burge ni shi ne zamansa a Dapitan, inda aka kore shi daga 1892 zuwa 1896. Wani sai ya zauna yana tagumi. Shi kuwa makaranta ya buɗe wa yara, ya jawo wa gari ruwa, yana duba marasa lafiya, mai hali ya biya, mara hali a yi masa kyauta. Ko da aka kama shi ma, yana cikin jirgin ruwa ne zai tafi Kyuba aikin likitan soja na Sifaniyar.

Waƙarsa ta bankwana a cikin ɗan risho ya ɓoye ta, ya miƙa wa ƙanwarsa Trinidad. A 1956 majalisar ƙasar ta wajabta karanta littattafansa biyun nan a makarantu, coci na ta ƙorafi.

Don Allah a buga gyaran a fitowa ta gaba, a kuma sa hotonsa, don wancan da kuka sa na Bonifacio ne.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin jinya,
Tudun Wada, Zariya.