Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Jos

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin malamai da ɗaliban makarantarmu ta sakandare da ke Bauchi, domin mu gode muku a bainar jama'a bisa tarbar da kuka yi mana.

Godiya ta musamman ga jami'in da ya zagaya da mu ɗakin kayan Nok. Yaranmu sun haddace cewa an fara tono waɗannan mutum-mutumin yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Kaduna, kuma Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, shi ne ya kafa gidan nan a 1952. Amma hadda daban, gani da ido daban. Ya tsayar da su gaban wani kai, ya sa su dubi kitson, da idanun nan masu kusurwa uku da huji a tsakiya, ya tambaye su yadda mutum zai gasa yumɓu haka ba tare da ya fashe ba, shekaru sama da 2,000 da suka wuce. Ya kuma ba su labarin wani kan yumɓu da aka tono a yankin Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doyarsa kafin a kai wa Fagg.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da wata ɗaliba ta tambaya ko ba gumaka ba ne. Tambaya ce da ke zukatan iyaye da yawa. Bai yi mata dariya ba. Cikin natsuwa ya ce gidan na adana su ne a matsayin shaidar rayuwar mutanen da, waɗanda suka yi noma, suka kuma narka tama a Taruga, kusa da Abuja, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yarinyar ta gamsu, mu ma haka.

Mun leƙa ɗakin tukwane, sannan muka ƙarasa filin gine-ginen gargajiya, inda yara suka ga kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya.

Muna miƙa gaisuwa ga shugaban gidan, da masu gadi, da masu shara. In Allah ya yarda, zangon karatu mai zuwa za mu kawo 'yan aji ɗaya. Allah ya saka muku da alheri, amin.

Naku,
Malamin tarihi, Bauchi