'Ya'yan gwanda da tsutsar ciki

Malam Edita,

Ka ɗan ba ni fili. Muna yara, busassun 'ya'yan gwanda kakata take dakawa ta kwaɓa da zuma, mu haɗiye muna yamutsa fuska saboda yajinsu. Ashe ba a banza ba. A wani binciken da aka wallafa a 2007, an gwada haɗin a kan yara 60 a Najeriya, rabi aka ba su zuma zalla, kuma yawancin masu shan gwandar sun rabu da tsutsa. Sai dai yara 60 sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Tafarnuwa kuwa, yabon baki ya fi binciken yawa. Ranar da ɗana ya kasayar da macijin ciki, asibiti na nufa, aka ba shi albendazole ƙwaya ɗaya.

Wata uwa