Rahoton Ayyukan Shekara: Katun Daga Yumɓu da Kara

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Babban aikin da ƙungiyarmu ta sa a gaba bana shi ne koya wa 'yan aji biyar da shida shirya gajeren katun na ɗauki-ɗai-ɗai: a ɗauki hoton 'yar tsana, a ɗan gusa ta, a sake ɗauka, in an jera hotunan sai ta yi tafiya.

Zangon farko kusan duk a kan takarda ya ƙare, wasunku ma sun yi ƙorafi. Lissafi ne ya sa. Kowace daƙiƙa tana cin hoto 12, minti ɗaya hoto 720 ke nan, kuma darasi ɗaya ba ya ɗaukar wannan. Sai muka tsaya a daƙiƙa 30. Kowane rukuni ya zaɓi tatsuniya, ya yanka ta fage shida, ya zana su kafin a taɓa waya. Rukunin da suka ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi sun so su zuba komai a ciki, daga ƙarshe suka haƙura da fage huɗu, nasu kuwa ya fi na kowa fitowa. Yaran da ba sa buɗe baki a darasin Hausa su suka fi kafewa a gardamar inda labari zai tsaya, abin da ya faranta mana rai matuƙa.

A zango na biyu aka yi ɗauka da manhajar Stop Motion Studio. Kayan aiki ba su ci kuɗi ba: yumɓu, karan dawa, kwali. Haske ne ya ba mu wahala. Rana tana juyawa tsakanin hoto da hoto, fim ya riƙa ƙyaftawa, dole muka rufe tagogi muka kunna fitilar sola. Waya kuma sai an ɗaure ta tamau a jikin tarin littattafai, don ko ta motsa kaɗan fagen ya lalace.

Mun ba yaran labarin marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa, ya kuma yi fim ɗin kwaɗi 'yan kokawa ta irin wannan hanya. Da jin haka wani rukuni ya ce shi ma kokawa zai yi.

Zango na uku an sa murya, an nuna wa iyaye ranar rufe makaranta.

Baɗi muna so mu fara ɗauka tun zangon farko, kafin zafi ya hana rufe tagogi. Duk mai tsohuwar waya da kyamararta ke aiki, don Allah ya miƙa wa ma'aji a taro na gaba.