Zuwa ga Alhajin Jidda, daga Jos

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da aiki da zafin garinku. Mu nan sai godiya. Hunturu ya sauko da ƙarfinsa, ruwan randa ya gagari kowa da asuba, har Liman ya koma karanta gajerun surori. Na san ka ƙullace ni. Saƙon muryar da ka turo kana tambayar inda ginin gidanka ya tsaya ya iso, na saurara, kuma zan zo kan maganar. Amma abin da ke cina ba zai shiga saƙon murya ba, ga shi kai ba ka da haƙurin sauraron abin da ya wuce minti biyu. Shi ya sa na zauna rubutu. Nemi shayi ka gyara zama.

Na kama kifi a teku. Ni ɗin nan da ka sani, wanda kuka shekara kuna yi wa tsiya don na ƙi tsoma ƙafa a tafkin kuza na Rayfield. Kuma ba da tana ba, ba da hanjin kaza ba, ba da wani abin da kifi zai iya haɗiya ya ƙoshi ba. Da guntun ƙarfe na kama shi.

Na bi lodin dankali da kabeji ne zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, dillali ya fara waƙar nan tasu ta kullum, yau gobe, kuɗi ba su haɗu ba. Da zaman jira ya ishe ni sai na nemi Ɗan'autan gidan Hajiya Babba, wanda ke gadi a Victoria Island. Yaron ya zama ɗan Ikko sosai, har Yarbanci yake zubawa. Ashe maigidansa ma'abocin kamun kifi ne, in ya sayi sababbin kaya sai ya miƙa masa tsofaffin. Ya ce in kwana a wurinsa. Muna idar da sallar asuba muka hau jirgin ruwa mai inji daga Marina zuwa Tarkwa Bay, wurin da mota ba ta zuwa. Kada ka tambaye ni addu'o'in da na karanta a cikin jirgin nan.

A bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas akwai dogayen jerin duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka zuba tun farkon ƙarni na 20, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Sun kutsa can cikin teku. A kansu muka tsaya. Manyan jiragen da ke shiga Apapa a gabanka suke wucewa, sai ka ɗaga kai kafin ka ga samansu. Ƙananan kifaye suna fakewa a jikin duwatsun, manya kuma suna zuwa farautarsu, shi ya sa wurin yake da albarka.

Kayan aikin ba su da yawa. Sanda mai lanƙwasa wajen mita 3, da injin naɗe zare a gindinta. Zaren saƙaƙƙe ne, siriri ƙwarai, amma in ka ce za ka tsinka shi da hannu sai ya yanke ka. A ƙarshensa waya kamu guda, sannan kifin ƙaryar. Wanda ya ɗaura min ƙarfe ne mai nauyin giram 40, tsawon yatsa, gefe guda shuɗi gefe guda fari fat yana ƙyalli, an yi masa ido ja, a wutsiyarsa ƙugiya mai baki uku. Na juya shi a tafin hannu na ce, Ɗan'auta, wane sakaran kifi ne zai ci wannan? Ya ce, Yaya, ba ci zai yi ba, kisa zai zo yi.

A nan bambancin yake da fatsarmu ta yarinta. Mu da, a soka tana, a jefa, a zauna ana gyangyaɗi har kifi ya ga dama. Wannan kuwa babu zama. Ka wurga da nisa, ka bari ƙarfen ya nitse kana ƙirgawa a zuci, sannan ka fara naɗewa. Ka yi sauri, ka ɗan fizga kan sandar, ka tsaya, ka sake ɗauka. Kai ne kake sa wa mataccen ƙarfe rai. Abin da kake kwaikwayo shi ne ƙaramin kifin da ya ji ciwo ya ware daga 'yan'uwansa, domin shi ne abincin da ya fi sauƙi a ruwa. Kuma ba da ido kaɗai babban kifi yake gane shi ba. Layin nan da kake gani a gefen kifi tun daga kai har wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa, ko da ruwan ya gurɓace. In ka yi jifa a wuri ba labari, ka matsa gaba. In kusa da sama bai yi ba, ka ƙara ƙirge ya nitse ƙasa. Idonka kuma yana kan tsuntsaye, duk inda ka ga suna faɗawa ruwa, ko ka ga ƙananan kifaye suna tsalle a firgice, to akwai mai korarsu daga ƙasa.

Hantsi bai gama dubawa ba kafaɗata ta fara ƙorafi. Ɗan'auta ya ce in daina naɗewa kamar wanda ake bi bashi, in riƙa ɗan tsayawa. To a cikin tsayawar nan ne. Ƙarfen yana lilo yana nitsewa, sai na ji fizga irin ta ragon layya in ya ga wuƙa ya ƙwace igiya. Zaren nan ba ya miƙewa ko kaɗan, don haka duk abin da ya faru a can ƙarshensa a gwiwar hannunka za ka ji shi. Injin ya shiga kuka, zare yana fita da gudu. Ashe da gangan ake saita shi ya riƙa saki in jan ya yi ƙarfi, don kada ya tsinke, kifin kuma ya gaji. Ɗan'auta yana ihu, ɗaga sanda Yaya, kar ka bar shi ya shiga dutse! Na ɗaga, in na sauke sai in naɗe abin da na samu. Can ya yi tsalle sama gaba ɗayansa, dogo, fari, yana kaɗa kai. Da ya gaji muka jira igiyar ruwa ta ɗago shi, yaron ya sauka ya cafke shi ta bayan kai.

Barakuda ce. Ta ɗara tsawon hannuna daga kafaɗa zuwa yatsa. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama tsawo, haƙora a jere ba daidai ba, wasu dogaye wasu gajeru, duk masu tsini. Sai a lokacin na gane amfanin wayar, domin ta tauna ta har ta murɗe. Da filaya muka cire ƙugiyar, ba mai hankalin da zai kai yatsa wurin.

Na nuna wa Dogo hoton a majalisa, ya duba ya duba, ya ce a kasuwa na saya. Da na fito da ƙarfen daga aljihu kuma sai ya juya magana, wai wannan damfara ce tsagwaronta, ranar lahira kifin zai riƙe min wuya. Shi da ke sayar da tayar da aka yi wa fenti! Af, ka ji zai ƙara aure? Wallahi. 'Yar Bukuru ce, malamar firamare. Uwargida ta ce ba ta da matsala, amma tun ranar da aka kai gaisuwa miyar gidan ba ta sake ganin nama ba, a wurin mai shayi yake karyawa. Tela kuma har yau bai gama ɗinkin da ka bar masa ba, ya ce wai ka yi ƙiba a hoto, sai ka dawo ya sake awo.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma ba kifin ba ne, tekun ce. Ashe cika take tana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da wajen minti 50. Jan wata ne ke kawo haka. In wata ya tsaya, da kuma daren sha huɗu, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi yawa. Mu da ba ma neman wata sai don azumi da sallah, su masunta da shi suke tsara fitarsu. A Legas bambancin bai wuce wajen mita guda ba, amma ya isa ya sa ruwa gudu a mashigar, kuma lokacin da ruwa ke tafiya shi ne lokacin da manyan kifaye ke farauta. In ya tsaya cik, ka sha ruwa ka huta. In gudun ruwan ya haɗu da fitowar rana ko faɗuwarta, to ka dace.

Tun da na dawo ban da aiki sai tonon labarin abin a waya, har Maman yara ta ce da ma kishiya na yi mata, aƙalla za ta san da wa take faɗa. Ka san wani talakan masunci a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, shi ya sassaƙa nasa kifin ƙaryar a 1936, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, saboda ya lura manyan kifaye mai ɗingishi suke zaɓa a cikin garke? Yau sunansa ne a jikin kwalaye a shagunan duniya. Akwai kuma wani kifi, tarfon, mai manyan ɓawo farare, da ke shiga bakin kogunan yankinmu. Mafi girman da aka taɓa kamawa da sanda aka rubuta, a Gini Bisau ne a 2003, kusan kilo 130. Ka auna, ya fi buhun masara.

To ga ni nan a Jos, mita 1,200 sama da teku, tsakanina da ita tafiyar wajen kilomita 1,000. Na je dam ɗin Lamingo da sandar da yaron ya ba ni, na yi ta jifa, yara suka taru suna kallon ikon Allah. Ba abin da ya kula ni. Tarwaɗa da ƙanshi take neman abinci a ƙasan laka, ƙarfasa kuma ba ruwanta da ƙarfe mai giram 40. Masu bin irin wannan a ruwanmu su ne giwan ruwa da tsage, su kuma sai manyan ruwaye irin Binuwai da Kainji. In ruwa ya ja baya ya yi haske zan lallaɓa, ko da kuwa Dogo zan ɗauka ya riƙe min jaka.

Shi ya sa nake jin haushinka. Kai da kake bugun ƙirji kakarka Bakabiya ce, kana cika mu da labarin Argungu da Matan Fada, wai tun 1934 danginku ke faɗawa ruwa da gora da homa, yau ga ka a bakin Bahar Maliya, abin da ka sani kawai ka zauna a Kornish da daddare kana cin kabsa kana turo mana hoton fitilu. Haba Alhaji! Ruwan nan da kake juya wa baya akwai barakuda a cikinsa, akwai dangin kifayen nan masu faɗin jiki da ƙarfin tsiya da ke bin kifin ƙarya har bakin gaɓa. Ranar Juma'a da asuba me kake yi in ba barci ba?

In za ka gwada, fara tambayar 'yan gari inda aka yarda a yi, na san ƙasarku ba a wasa da doka. Ku a Jidda cika da janyewa ba su da yawa, don haka ka fi dogara da sassafe da goshin magariba. Ka sa takalmi mai kauri, kada ka shiga ruwa da silifas ɗin nan naka. Dutsen murjani na cikin teku yana yanka ƙafa yana yanka zare, kuma akwai wani kifi da ke kwanciya a ƙasa ba ka bambanta shi da dutse, ƙayoyin bayansa dafi ne mai tsanani. In a kan duwatsu kake, duk inda ka ga kore ko baƙi yana sheƙi to santsi ne, kuma ko ƙugiya kake ɗaurawa fuskarka ta kasance wajen ruwa. Kada ka je kai kaɗai. In ka dawo gida ka ɗauraye komai da ruwan famfo, injin da sandar da ƙugiyoyin, ka shanya a inuwa. Gishiri ba ya barin ƙarfe, naku kuma ya fi na yawancin tekuna, wajen giram 40 a lita, alhali yawancinsu wajen 35 ne.

Yanzu ga ainihin roƙona, kada ka ce ban faɗa da wuri ba. In mai zuwa ya samu, ko cikin 'yan Umara, ka sayo min ƙarafan nan masu giram 30 zuwa 40, farare da shuɗaye. Ka haɗa da irin na roba mai ɗan leɓe a gaba, wanda ke nitsewa yana karkaɗa jiki in an ja shi, shi nake so saboda giwan ruwa. Akwai kuma mai kwarmin baki da ke tafiya a saman ruwa yana fantsama shi, Ɗan'auta ya ce ranar da ka ga kifi ya faso ruwa ya danne wannan ba ka ƙara barcin kirki. Ko guda ɗaya ne ka sa min. Sai zaren saƙa ƙunshi ɗaya, da ƙananan zobban ƙarfe na sauya ƙugiya. Ka cire su daga kwali ka naɗe ƙugiyoyin da kyau, kada su huda wa baiwar Allah zamzam ko dabino a jaka a ce ni ne. Kuɗin kuwa ka cire daga na wayar nan da ka karɓa ba ka biya ba, kada ka ɗauka na manta.

Hajiya Babba tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi, har ta je sunan jikarta a Farin Gada. Ta ce in tuna maka man zaitun. Ɗaurin auren Dogo bayan sallah ne, ya ce in ba za ka zo ba ka turo gudummawa da Riyal, ba ya son Naira. 'Yan majalisa duk suna gaisuwa, ban da Tela.

Naka,
Sarkin Ruwan Gangare