Amsa ga Baba Kwamared: Abin da Ya Hana Ma'aikatan Mars Haɗa Kai

Assalamu alaikum Baba Kwamared,

Ina gaisuwa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ranar Lahadi da ka bugo waya gidan rediyo bayan an karanta babi na 9 na labarina, mai gabatarwa ya ba ni minti biyu in amsa maka, ni kuwa na ɓata su wajen kame-kame. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, bari amsar ma ta zo a bainar jama'a. Ga waɗanda ba su saurara ba: Baba ya ce ya yi sama da shekara 20 a masaƙa a Kakuri, ya riƙe muƙami a ƙungiya, kuma bai ga dalilin da zai sa in kwashi ma'aikata in kai su duniyar Mars, sannan in raba su gida-gida suna cin dunduniyar juna, alhali kamfani ɗaya ne ke tatsar su ba. Ya ce ina gwarzo ɗaya irin Michael Imoudu, jagoran ƙwadagon Najeriya, da zai shige gaba? Ya rufe da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni ne na tsaga bangon da alƙalamina.

Baba, wallahi da gwarzo ɗaya na fara. Rubutun farko ƙungiya ɗaya ce, shugaba ɗaya mai murya kamar aradu, manaja ɗaya mugu. Na kai shafi 60 kafin in ajiye shi. Abin da ya kashe shi shi ne ranar da na zauna da takarda ina lissafin wa ke yin me a garin nan daga safe zuwa dare, kuma me zai faru in kowannensu ya naɗe hannu.

Ka san a masaƙa in kun ajiye aiki, injin ya tsaya, yadi bai fita ba, mai kamfani ya yi asara, ku kuma ku koma gida ku sha iska a ƙofar gida. A Mars iskar ita ce hajar. Kusan kashi 95 cikin 100 na iskar can kabon ce, irin wadda huhu ke fitarwa, kuma kaurinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Babban mutum yana buƙatar abin da ya kusa kilo 1 na oksijin kullum. Na'urar gwaji da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗora wa motarta Perseverance ta fara tace oksijin daga iskar Mars a Afrilun 2021, kuma duk abin da ta samar zuwa 2023 giram 122 ne, wanda ba zai kai mutum ɗaya daga asuba zuwa azahar ba. Garin da na ƙirƙira yana da mutum 4,000. Ke nan sama da tan 3 kowace rana, ba Juma'a ba Lahadi, ba hutun Sallah. Waɗanda ke kula da injinan nan, su ne nake kira masu iska a labarin, ba su wuce 200 ba. Sun fi kowa ƙarfi a garin, kuma su kaɗai ne ba su da ikon yin yajin aiki.

Shi ya sa shugabarsu ta fito yadda ta fito, dattijuwar makanikiyar nan da ka kira 'yar amshin shatan kamfani. Ka tuna inda shugaban mahaƙan ƙanƙara ya same ta da dare yana roƙon ta kashe inji ɗaya, awa ɗaya tak, don manyan su ji a jikinsu. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ɗauki tocila ta ce ya biyo ta, suka bi bututun da ƙafa, tana haska masa shi a saman kansu. Bututun ya ratsa barikin leburori, ya bi ta bayan ɗakin renon jarirai, ya wuce asibiti, sai can ƙarshe ya shiga unguwar manyan, inda kuma kowane gida ke da tukunyar ajiya ta kwana uku. Ta ce masa, “Bututun nan bai san manaja ba.” Wanda ya zana garin da gangan ya zana shi haka, kuma ita ta fi kowa sani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai abin da ban faɗa ba tukuna a babin da aka karanta, amma zan ɗan buɗe maka. Shekaru kafin labarin ya fara, bango ya huje a wani ɓangare, kuma ita ce ke tsaye a bakin ƙofar ƙarfe. Ta rufe ta da mutum tara a ciki, ɗaya ƙanin mijinta ne. Ta ceci ɗaruruwa, aka ba ta lambar yabo, ta jefa ta a akwatin spana. Mace irin wannan ba za ka same ta da take da kirari a wajen taro ba. Duk wanda ya ce mata “ko a mutu ko a yi rai”, ita ta san yadda mutuwar take ƙara ta bayan ƙofa.

Amma ba ta rasa makami ba. Makaminta littafin ƙa'ida. Littafin kamfani ya ce duba matata ɗaya minti 40 ne, da sa hannun mutum biyu. Yaranta sun saba yi cikin minti 10 don aiki ya tafi. Ranar da ta fusata sai ta ce a bi littafi harafi da harafi. Ba wanda ya rasa numfashi, amma ruwan zafi ya ɗauke a unguwar manyan, gonar da ke ba su tumatir ta fara yaushi, injin haɗa man kumbo ya koma rabin aiki, kuma babu takardar da za a kore ta da ita, tunda dokarsu take bi. Wannan jan ƙafa ba ni na ƙago shi ba. Mahaƙan kwal na Inugu da shi suka fara a 1949.

Mahaƙan ƙanƙara su ne masu yawa, kuma a kansu na fi shan wahala, domin rabuwarsu ta cikin gida ce. Kowannensu ya zo da bashin kuɗin kumbo a wuyansa, ana cira daga albashi, kamar yadda muke ji game da 'yan'uwanmu da ake ɗauka aikatau ƙasashen Larabawa a riƙe musu fasfo. Sai dai a nan ko an ba ka fasfonka ba inda za ka. Kumbo ba ya tasowa sai duniyoyin biyu sun daidaita, kusan kowane wata 26, tafiyar kuma ta kai wata 7. Man da zai mayar da shi gida daga ƙanƙarar da suke haƙowa ake haɗa shi. To ka ga lokacin da yajin aiki ya fi cizo shi ne lokacin da kumbo ke ƙasa ana ɗura masa mai. In aka tsaya a lokacin, ya rasa damar tashi, kamfani ya yi asarar wata 26 cur. Sababbin zuwa, waɗanda ke da shekara huɗu a gabansu, wannan ranar suke so. Amma a cikin kumbon akwai kujerun mutum 600 da suka gama kwantiragi, wasu sun bar yaro a goye yanzu yana aji uku. Kai Baba, da wane baki za ka ce musu su ƙara wata 26 saboda 'yan'uwantaka?

In kuma aka bari ya tashi, wata ribar ta zo, wata ta tafi. Kamfani ba shi da inda zai samo sababbin hannu. A Amurka a 1981 Shugaba Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 da suka yi yaji, aka cike gurbinsu a hankali. A Mars babu layin masu neman aiki a bakin get. Amma kuma kamfani ba ya sauri, makullin sito na hannunsa, zai iya zama ya jira yunwa ta yi masa aiki. Abokin gaba ɗaya ne kamar yadda ka ce. Kalanda ce ba ɗaya ba, kuma a kan rana suke faɗa, ba a kan aƙida ba.

Shugaban mahaƙan tsohon heluma ne, ya san sunan kowa da sunan garinsu, ya taɓa ɗauko mutum a kafaɗa daga ramin da ya rufta. Shi ke hawa tebur yana kiran yajin sai-baba-ta-gani. Shi ne kuma kullum ke samun dalilin ɗaga ranar zuwa bayan tashin kumbo, domin kujera ta 412 tasa ce. Ban rubuta shi a matsayin munafuki ba. Yana nufin abin da yake faɗa a kan tebur, yana kuma nufin alkawarin da ya yi wa 'yarsa. Na tabbata ka zauna da irinsa a kwamiti.

Su kuwa 'yan gida, yaran da aka haifa a can, ban shirya da su ba, kutsowa suka yi. Ina cikin lissafin albashi na tambayi kaina wa ke biyan iskar jariri. Sai na ga dole akwai layi a takardar albashi mai suna kuɗin iska, ana cire wa uba na kowane ɗa. Nauyin jiki a Mars kashi 38 cikin 100 ne na nan, kuma a labarin likitocin kamfani sun yanke cewa ƙashi da zuciyar wanda ya girma a can ba za su ɗauki nauyin duniyarmu ba. Ƙarin albashi da ake zubawa a wani banki na duniyar da ba za su taɓa takawa ba, me zai yi musu? Garatuti fa? Su injin iskar suke so ya zama na gari. Ba su da katin ƙungiya, domin a rajista iyalin ma'aikaci ne su, ba ma'aikata ba. Yarinyar da ke magana da yawunsu shekararta 19 a lissafinmu, amma in ka tambaye ta sai ta ce 10, saboda shekarar Mars kwana 687 ce, kuma ta ƙi ƙirga rayuwarta da zagayen wata duniya. Dattijuwar tana ganin ta yarinya mai wasa da wuta. Mahaƙa suna ganin ta 'yar masu gida. Kotun da za ta raba su ma aiki ce: yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata duniya, ta bar hurumin shari'a ga ƙasar da ta yi wa jirgi ko tasha rajista, kamfanin labarina kuwa ya zaɓi ƙasar da dokar ƙwadagonta ba ta cika shafi biyu ba.

Yanzu bari in taɓo Imoudu, da izininka, don ka fi ni sanin tarihin nan. A yajin gama-gari na 1945, wanda ya haura kwana 40, ai shugabanni ba baki ɗaya suka yi ba. Wasunsu sun nemi a ɗaga ranar, ma'aikata suka ƙi, Imoudu da bai daɗe da fitowa daga tsare ba ya bi bayan ma'aikata. Ka ga ko a can rigimar rana aka yi. Daga baya uwar ƙungiyar ƙwadago ta dare, har aka wayi gari da manyan cibiyoyin ƙwadago huɗu a ƙasar nan, kuma NLC ɗaya da aka samu a 1978, wadda Hassan Sunmonu ya fara shugabanta, da dokar soja ta zo. Ban faɗi haka don in rage wa kowa daraja ba. Abin da ya sa haɗin kan yajin gama-gari na 1945 da na 1964 ya zama abin labari shi ne mutanen da suka yi shi suna da dalilai na gaske da za su hana su. In na ba ka ma'aikatan da kansu a haɗe yake tun shafi na farko, ranar da suka tsaya tare ba za ka ji komai ba.

Kuma ranar tana tafe. Saƙo tsakanin duniyarmu da Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, ya danganta da nisa, sannan duk wata 26 rana takan shiga tsakani, sadarwa ta lalace kusan mako biyu. NASA kanta takan daina aika wa na'urorinta umarni a lokacin. A mako biyun nan manaja ba shi da wanda zai tambaya, ga shi mahaƙa na zaune a rami da nakiyoyin fasa dutse. A ramin kwal na Iva Valley da ke Inugu, ranar 18 ga Nuwamban 1949, nakiyoyin ma'adinan aka tura 'yan sanda su kwashe, aka ƙare da harbe mahaƙa 21. Da wannan a raina na rubuta babi na 14. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, kada mai gabatarwa ya yi fushi da ni.

Inda ka kama ni kuwa, na amsa. A babi na 9 na bar heluma yana ta surutu har ya zama abin dariya, kuma taron nasu ya yi kama da taron da wanda bai taɓa biyan kuɗin ƙungiya ba ya rubuta, wanda kuwa haka ne. Ban nuna ma'aji ba, ban nuna wanda ke bi ɗaki-ɗaki da dare yana lallashin masu tsoro ba, ban nuna matan da ke raba ɗan abin da ya rage a tukunya a mako na uku ba. Zan gyara kafin a buga littafin, amma ba zan iya daga kaina ba.

Saboda haka ina roƙon alfarma. Ranar Asabar mai zuwa zan shigo Kaduna. In ka yarda, a bar mini saƙo a gidan rediyon, in same ka bayan la'asar da littafin rubutuna. Ina so ka gaya mini yadda kuke yi da wanda ya saci jiki ya koma aiki ana tsakiyar yaji saboda matarsa na asibiti, wa ke zuwa gidansa, me ake ce masa, kuma in an janye yajin, wa ke fara zama kusa da shi a kantin. Akwai irinsa a babi na 12, kuma har yanzu yana tsaye da kwanonsa a hannu, ban samo masa wurin zama ba.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Marubucin labarin