Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni a kan Chinua Achebe

Assalamu alaikum, ƙanena.

Tambayarka ta iso, kuma na ga mutane da yawa sun ce bakinsu ka riga. Cewa ka yi: don me kullum nake tura matasan marubutan Hausa su karanta Chinua Achebe, mutumin da ya tsaya wa Biyafara, ya kuma rubuta cewa addini ne ya riƙe wa Bahaushe da Bafulatani ƙafa a fagen zamani? Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan amsa.

Ba ka yi masa ƙage ba. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zaga ƙasashe yana nema wa Biyafara goyon baya. Maganar addinin kuwa tana cikin The Trouble with Nigeria na 1983, ya sake kawo ta a There Was a Country na 2012. Ni ma ta sosa mini rai, kuma ban yarda da ita ba. Ƙasar da ta haifi Nana Asma'u, ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubutu da Larabci da ajami a cikinta, ba a yi mata hukunci da jimla guda. Ya kamata ya ƙidaya makarantun da Bature ya gina a Arewa kafin ya ɗora wa addini laifi.

Amma ka karanta littafin na 1983 har ƙarshe? Da Malam Aminu Kano ya rufe shi, a matsayin abin misalin shugaban da ya tsaya wa talaka. Achebe ya shiga jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, har ya riƙe muƙami a shugabancinta na ƙasa. Ɗan Ogidi, wanda aka haifa a 1930 a gidan mai wa'azin coci, ya duba 'yan siyasar Nijeriya kaf, ya ce na Kano ne mutum.

Babban dalilina ma bai shafi siyasa ba. Yana ɗalibi a jami'ar Ibadan aka ba su Mister Johnson na Joyce Cary, wani Bature da ya yi aikin mulki a Borgu. A Arewacin Nijeriya aka gina labarin, a kan wani akawu baƙar fata da aka zana kamar wawa mai washe baki. Turawa na ta yabon littafin, su kuwa ɗaliban ba su ga kowa da suka sani a ciki ba. Wannan takaici na cikin abin da ya sa ya zauna ya rubuta Things Fall Apart, wanda kamfanin Heinemann ya buga a Landan a 1958. Dubi yadda ya ƙare shi. Okonkwo, jarumin da muka bi tun yana ɗan kokawa, ya rataye kansa, gawarsa na reto a bishiya, Baturen mulki kuma na tafiya yana lissafin cewa labarin mutumin nan zai cika sakin layi ɗaya a littafin da yake rubutawa. Duk marubucin Hausa da ya taɓa karanta abin da baƙo ya rubuta a kanmu ya san wannan zafi.

Haka Achebe ya yi wa marubucin Turanci Joseph Conrad a laccarsa ta 1975 a jami'ar Massachusetts ta Amurka. Ya ɗauko littafin Conrad mai suna Heart of Darkness, ya bi shi layi-layi, ya nuna inda aka hana baƙar fata magana, sannan ya kira marubucin mai wariyar launin fata. Malaman adabi sun yi ta kumfar baki, ga shi yau da wuya a koyar da Conrad ba a ambaci laccar ba.

Waƙoƙinsa kuwa mutanenmu ba su cika sanin su ba, alhali kundin Beware, Soul Brother ya ci kyautar waƙa ta ƙasashen rainon Ingila a 1972. Akwai wadda ya yi a kan wata uwa a sansanin gudun hijira, tana taje ɗan jan gashin da yunwa ta bar wa ɗanta, tana fitar masa da tsaga a hankali, yaron kuwa yana gab da cikawa. Wanda ya taɓa shiga sansani a Maiduguri ba zai tambayi ƙabilar wannan uwa ba.

Haɗarin mota na 1990 ya ɗora shi a keken guragu har rasuwarsa a Boston a 2013. Daga kan keken ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta ƙasa sau biyu, a 2004 da 2011.

Saboda haka ga roƙona. Ka nemi There Was a Country, ka yi masa irin karatun da ya yi wa Conrad, da biro a hannu. Inda ya yi mana rashin adalci, ka kawo shafi, ka kawo hujja, ka rubuta raddi da Hausa. Idan ka gama ka aiko mini, zan karanta, kuma zan faɗa maka inda nake ganin hujjarka ta yi rauni.

Wassalam,
Yayanka